Cittar Kudancin Kaduna da Kalmomin da Mai Saye Ke Nemanta da Su

Duk wanda ya ratsa ƙasar Kachia da ta Jaba da ta Kagarko a tsakiyar hunturu, lokacin da iska ta bushe, hazo ya lulluɓe duwatsu, ba ya bukatar a gaya masa abin da mutanen wurin suka dogara da shi, domin ƙamshinsa ne zai tarbe shi tun idonsa bai gani ba. Citta ce shanye ko'ina, a kan fa, a kan tamfol, a ƙofar gida, har a gefen kwalta. Mata kuwa suna zaune a inuwa da 'yan wuƙaƙensu, kowace ta ɗauki saiwa ta tsaga ta biyu a tsaye, ta jefa a kwando, ta kai hannu ga wata, aiki na tafiya hira na tafiya. Idan mai saye ya iso, kafin ya ce uffan sai ya tsoma hannu can ƙasan buhu, ya zaro guda, ya karya ta kusa da kunnensa. In ta ce ƙas, ta bushe, in kuwa ta lanƙwasa, da sauran ruwa a jikinta, kuɗinta ya sauka ke nan. Sa'an nan ya sansana, ya ɗan gutsura, ya dubi launin cikinta, kana a buɗe bakin ciniki.

Amma akwai wani mai saye, wanda shi ne a ƙarshe kayan nan za su je hannunsa, wanda kuma ba zai taɓa taka kasuwar Kubacha ko ta Kwoi ba har abada. Yana zaune a ofishinsa a Rotadam ta ƙasar Holan, ko a Dubai, ko a Kasabalanka, ko a wani birni na Indiya, ba shi da halin tsoma hannu a buhu, ba shi da halin karya saiwa a kunne; abin da yake da shi kawai allon kwamfuta ne da 'yan kalmomin da zai rubuta a ciki. Wanda sunansa ya fito a gabansa sa'ad da ya rubuta su, shi ne ya sami ciniki. Abin da ke ɓata mini rai a wannan al'amari kuwa shi ne, galibin sunayen da ke fitowa na kamfanonin Legas ne da na ƙasashen waje, alhali waɗanda suka shuka, suka yi ciyawa, suka haƙa, suka tsaga, suka shanya, waɗanda suka fi kowa sanin sifar kayan, babu su babu labarinsu a wurin.

Ba baƙon abu ba ne ga wannan yanki a ce hanya ce ke yanke hukuncin wanda zai ci riba. Kafanchan kanta jirgin ƙasa ne ya raya ta. A shekarun 1920 aka kawo layin dogo daga Fatakwal ya biyo ta nan ya nufi Kaduna, a 1927 kuma aka buɗe reshen da ya haura Jos domin kwasar kuza, sai wurin ya zama mahaɗa, ma'aikatan jirgi da fatake daga kudu da arewa suka zauna tare da Fantswam da Bajju da Kaninkon da Hausawa da Fulanin Jama'a. A daidai wannan zamani ne, wajen 1927, aka fara noman citta don sayarwa a kudancin Lardin Zariya, ta bunƙasa a hannun mutanen Ham da maƙwabtansu har ta kai Nijeriya cikin sahun gaba na ƙasashen da ke noma ta a duniya, 'yan kasuwar ƙetare suna yabon ta saboda zafinta da yawan man da ake tatsa daga jikinta. Jirgin ya yi rauni, motoci suka gaje shi. Yanzu kuma ga wata hanya ta uku, wato intanet, wadda ba ta ɗaukar buhu, amma ita ce ke nuna inda buhun zai nufa.

Kada kuma a ce garin Kafanchan bai san wannan hanya ba. A unguwar Bayan Loko ne Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta haɗa bai wa matan karkara ƙananan rance da koya wa matasa kwamfuta, tun lokacin da wayar salula ta GSM ba ta shigo ƙasar ba. A 2001, shekarar da aka fara wayar ta GSM a Nijeriya, cibiyar karatunta ta ci lambar yabo ta Hafkin ta nahiyar Afirka, daga baya kuma ta kafa Zittnet, mai rarraba intanet ba tare da igiya ba ga makarantu da ofisoshin yankin. Ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a cikin gari, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Ashe masu iya taɓa na'ura ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai zauna da manomi ya ji kalmomin bakinsa, ya kuma zauna da na'ura ya ga kalmomin da masu saye ke rubutawa, sa'an nan ya sada su.

Bari mu tsaya kaɗan a kan yadda abin ke aiki, domin mutane da yawa suna ɗaukar sa sihiri ne, alhali ƙa'ida ce mai sauƙin fahimta. Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a Amurka a 1998, wanda kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na binciken intanet a Nijeriya ta hannunsa yake bi, aikinsa tamkar na dillali ne a bakin kasuwa. Ya riga ya zaga rumfuna duka ya haddace abin da ke cikin kowace. Idan baƙo ya zo ya faɗi bukatarsa, sai ya kama hannunsa ya kai shi rumfar da ya fi kyautata zaton za ta biya masa ita. Rumfunan da yake nunawa iri biyu ne. Akwai na waɗanda suka biya shi lada, ya sa su a sama da alamar talla, ranar da kuɗinsu ya ƙare kuma ya sauke su. Akwai kuma na waɗanda ba su biya ko anini ba, ya nuna su ne kurum saboda abin da suka rubuta ya dace da tambayar baƙon. Waɗannan baƙi na biyu, masu zuwa da ƙafarsu ba tare da an saye su da talla ba, su ne abin neman mai ƙaramar sana'a, domin ba shi da jarin da zai yi gogayya da manyan kamfanoni a wajen biyan lada.

To, a nan ne hikimar take. Idan mutum ya rubuta kalmar citta ita kaɗai, ko da Hausa ko da Turanci, ba wanda ya san abin da ke ransa: ko maganin mura yake nema, ko yadda ake haɗa kunun zaƙi, ko ɗalibi ne mai aikin makaranta. Shafukan da ke amsa wannan kalma ba su ƙidayuwa, manyan jaridu da asibitoci da kantunan duniya sun riga sun mamaye sahun gaba, ƙungiyar mata ta wani ƙauye a Jaba ba za ta ture su ba ko da za ta shekara goma tana rubutu. Amma idan ya rubuta cewa yana neman busasshiyar citta tsagaggiya ta Nijeriya, mai laimar da ba ta wuce kashi 12 cikin ɗari ba, cikin kwantena, to wannan ya riga ya bayyana kansa: ɗan kasuwa ne, kuɗi na hannunsa, ya san abin da yake so. Masu rubuta irin wannan doguwar tambaya kaɗan ne ƙwarai, amma masu amsa ta sun fi su ƙaranci, kuma mutum guda daga cikinsu ya fi dubun masu leƙe amfani ga mai kaya.

Chris Anderson, wanda a lokacin yake editan mujallar Wired, shi ne ya yaɗa wannan tunani a wata maƙala da ya rubuta a 2004, ya faɗaɗa ta ta zama littafi a 2006, inda ya nuna cewa idan aka jera kayayyaki bisa yawan masu nemansu, za a ga 'yan kaɗan a gaba da kowa ke rububi, sa'an nan doguwar jela ta abubuwa barkatai waɗanda kowanne masu nemansa ƙalilan ne, amma idan aka tara su sai su yi nauyi mai yawa. Haka kalmomin bincike suke. Google da kansa ya sha faɗin cewa kimanin kashi 15 cikin ɗari na tambayoyin da ake yi masa kowace rana bai taɓa ganin irinsu ba. Ma'anar wannan ita ce fagen bai cika ba, ba kuwa zai cika ba, tun da bukatun bayin Allah ba su da iyaka.

Ina ake samo waɗannan kalmomi? Amsar farko, wadda masu koyar da wannan fanni suka cika tsallakewa don ba ta bukatar na'ura, ita ce daga bakin masu saye. Duk dillalin citta a Kachia ya san tambayoyin da ake yi masa har ya gaji da amsawa. Ta bana ce ko ta bara? Tafin giwa ce, mai kauri da rawayan ciki, ko yatsun biri, ƙanana masu duhu da tsananin yaji? An wanke ta kafin a tsaga ko da ƙasarta aka shanya? A kan tamfol ta bushe ko a ƙasa? Buhu nawa ke cika tirela, kilo nawa ne a buhu, kwana nawa kafin ta isa tashar jiragen ruwa ta Apapa? Kowace ɗaya daga cikin tambayoyin nan kan magana ce da ta cancanci shafinta, mai ɗauke da amsa cikakkiya, da hoton kayan na gaskiya, da sunan gari, da watan da aka haƙa.

Amsa ta biyu tana cikin wayar da ke aljihu. Mutum ya buɗe wurin bincike, ya fara rubuta sunan kayansa, ya dakata kafin ya gama. Zai ga jerin jimloli sun sauko a ƙasa, waɗanda Google ke cike masa da su daga abin da wasu suka riga suka nema. Ya ɗauki biro ya kwafe su a littafi. Ya ƙara kalmar farashi ya sake dubawa, ya ƙara sunan Kaduna, ya ƙara sunan ƙasar da yake hange, ya gangara ƙasan shafin ya ga tambayoyin da aka ce mutane na yawan yi. Kafin shayinsa ya huce ya cika shafi guda da maganganun masu saye, bai kashe kome ba sai ɗan kuɗin data. Wanda ya so zurfafawa, akwai Google Trends, da aka buɗe a 2006, mai nuna watannin da neman wata kalma ke tashi da ƙasashen da ake nemanta. Wanda kuma ya riga ya mallaki shafi, Search Console zai nuna masa ainihin kalmomin da suka kawo mutane ƙofarsa. Dukansu kyauta ne.

Acca ta isa hujja a kan wannan batu. Hatsi ne da mutanen tsaunukan Kudancin Kaduna da Filato suka gada kaka da kakanni, ana tuwonta, ana faten ta, ana kununta, masu ciwon sukari ma suna nemanta. A 2017 wani shahararren mai girki ɗan Senegal, Pierre Thiam, ya kafa kamfanin Yolélé a Amurka yana tallata ta, a ƙarshen 2018 kuma Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da ita a kasuwanninta. Sai dai sunan da duniya ta san ta da shi fonio ne, wanda ya fito daga yammacin nahiyarmu. Mai acca a Kafanchan da ya rubuta sunanta na gida kaɗai zai sami mutanen Jos da Abuja, wannan kuma ba ƙaramar kasuwa ba ce; amma mai kanti a Landan ba zai gan shi ba sai ya haɗa sunayen biyu a wuri guda, ya kuma amsa tambayar da duk mai dafa acca ke fara yi, wato ko an tsince yashinta. Haka nan mai rubutu da Hausa ya tuna cewa yawancin mutane ba sa sa lanƙwasar haruffa a waya, wasu ma rubutun Turanci suke bi wajen rubuta sunan citta da acca; ba aibi ba ne a ambaci rubutun biyu sau ɗaya a cikin bayani. Tun 2013 Hausa ta shiga cikin harsunan da Google ke fassarawa, a 2024 kuma ya ƙara ta cikin waɗanda ake iya bincike da su da murya, abin da ya buɗe ƙofa ga wanda bai iya rubutu ba. Mai magana kuwa jimla cikakkiya yake yi, ba kalma ɗaya ba.

Akwai wata fuska ta al'amarin da nake ganin ta fi duka nauyi. Sayar da abin da mai saye bai gani ba mas'ala ce da malaman fiƙihu suka daɗe da yi wa nazari. Mazhabar Malikiyya, wadda malaman ƙasar nan ke karantarwa, ta halatta cinikin abin da ba ya nan bisa sifa, har Imamu Malik ya ware babi a cikin Muwaɗɗa a kan sayen kayan da ke ƙunshe cikin dami bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, ba tare da an kwance shi ba. Sharaɗin shi ne sifar ta zama sananniya, ta kawar da garari, kayan kuma su zo daidai da ita, in suka saɓa mai saye yana da haƙƙin mayarwa. Shafin intanet na mai citta ba wani abu ba ne illa wannan takarda. Duk kalmar da ya sa don a same shi da ita, alkawari ce. In ya rubuta wankakkiya, to ta zama wankakkiya. In ya rubuta ta bana, kada ya cakuɗa da ta bara. In bai kai ta ɗakin gwaji ba, kada ya yi da'awar cewa ba ta da gubar funfuna da Turawa ke tsananta bincike a kanta. Kirista da Musulmi na wannan yanki, waɗanda kasuwa ɗaya suke ci, babu saɓani tsakaninsu a kan haramcin algus da tauye mudu. Ɗan Nijeriya kuma yana da ƙarin nauyi a wuyansa, saboda 'yan damfara sun sa ana ɗari-ɗari da mu a intanet. Don haka lambar rajistar kamfani, da takardar Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, da adireshi na gaske wanda za a iya zuwa a tarar da mutum, sun fi kowace ƙawa ta magana jan hankalin mai saye.

Masu son gajeriyar hanya sun taɓa gano cewa idan suka maimaita kalma sau ɗari a shafi, ko suka sayi mahaɗai na bogi daga wasu shafuka, za su haye sama. Google ya toshe wannan kafa da gyare-gyaren da ya yi a 2011 da 2012, shafuka masu yawa suka faɗo. Duk matashin da ya zo wa ƙungiyar manoma da alkawarin kai su sahun farko cikin mako guda, a yi hattara da shi.

Ba mai sayen ƙetare kaɗai ke bincike ba. A daminar 2023 annobar funfuna ta afka wa gonakin citta na Kudancin Kaduna, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar da sama da Naira biliyan 12. Iyalai da dama da suka ci bashi suka zuba a gona sun wayi gari ba uwa ba riba, iri ya yi tsada har ya gagari talaka. Tun daga lokacin tambayoyin da ke bakin manoma suka sauya. Ina za a sami iri mai lafiya? Da me ake wanke shi kafin a shuka? Shekara nawa za a huta da gonar da cutar ta shiga? Gangamau, wanda wasu ke kira kurkur, zai iya maye gurbinta? Waɗannan tambayoyi da Hausa ake yin su, domin ita ce harshen da Bajju da Ham da Atyap da Adara da Koro ke haɗuwa a kai a kasuwa, amsoshinsu da Hausa kuma ba su da yawa a intanet. Mai sayar da iri ko maganin feshi a Kafanchan ko Zonkwa da zai nemi malamin gona ya rubuta masa amsa sahihiya ga kowace, ba tare da ƙarin gishiri ba, zai yi wa jama'arsa hidima, zai kuma tarar da fili babu abokin hamayya.

Sauran sana'o'i ma hakan take, sai dai a taƙaice. Mai masaukin baƙi ya san ana neman wurin kwana kusa da magangarar ruwa ta Matsirga, ana nema a Kagoro gab da bikin Afan na ranar 1 ga Janairu, masu sha'awar tarihi kuma suna tambayar hanyar ƙauyen Nok, inda a 1928 aka fara tono gumakan yumɓun da suka ɗauki sunansa. Mai zuma, mai gyaran sola, mai ɗinkin kayan gargajiya, kowannensu na iya sa sunan shagonsa da unguwarsa da lambar wayarsa a taswirar Google ba tare da biyan kome ba. Abin lura guda: hoton da aka ɗora a status na WhatsApp waɗanda ke da lambar mutum kaɗai ke ganin sa, kwana ɗaya kuma ya ɓace, injin bincike ba ya isa gare shi. WhatsApp wurin ƙulla ciniki ne da wanda ya riga ya same ka.

Ba zan ce wannan zai magance rashin wutar lantarki, ko lalacewar hanyoyin karkara, ko rashin tsaron da ya hana wasu zuwa gonakinsu ba. Manomi guda kuma ba zai cika kwantena shi kaɗai ba, shi ya sa nake ganin aikin na ƙungiyoyin gama-kai ne, su ɗauki ɗa ko 'ya daga cikinsu su ɗora masa, su biya shi kamar yadda suke biyan mai awo. Dillalan gari ma ba korar su za a yi ba, su ne suka fi cancantar fara shiga. Tun 2024 Google ya fara sa taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike, abin da ya rage wa masu bayanin gama-gari baƙi; amma wannan amsa ba ta da buhu ko ɗaya a rumbu, mai neman tan ashirin na tsagaggiyar citta dole ya ƙarasa ga mai ita.

Sai dai abin yana son lokaci. Sabon shafi yakan ɗauki watanni kafin injin bincike ya san shi ya yarda da shi, citta kuwa ana shuka ta ne wajen Afrilu da Mayu, a haƙa ta daga ƙarshen shekara, a tsaga a shanya cikin hunturu. Ƙungiyar da ke son a same ta a Janairu, lokacin da masu saye ke neman sabon kaya, ya kamata ta fara rubutunta da ɗaukar hotunanta tun ranar da ta zuba iri a ƙasa.